Tudun Jos ne ke cin mu, ko dai uzuri ne?

1/
Ranar Lahadi a gidan kallo a Dutsin-Ma gardama ta kaure tsakanina da wani abokina ɗan Kurfi. Ya dage cewa duk ƙungiyar da ta je Jos ta sha kashi, ba Plateau United ce ta ci ta ba, tudu ne. Wai iskar can ba ta isar baƙo. Na ce masa, "Mutumina, ba ni kwana uku." Ga abin da na samo. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Da farko dai ba ƙarya ya shara gaba ɗaya ba. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku. Katsina da Kano kuwa wajen mita 500 ne. Mu nan Dutsin-Ma, duk da dutsen da ke cikin sunanmu, ba mu ɗara su da wani abin kirki ba. Legas da Fatakwal kuma a bakin teku suke. To duk wanda zai je Jos, hawa zai yi.

3/
Me hawan ke yi wa jiki? Iskar sama da ta ƙasa duk kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Matsin iskar ne ke raguwa. Ka ɗauka huhunka tiya ce: a ƙasa an danna an cika ta har da tozo, a sama kuma an zuba mata sama-sama. Tiyar ba ta canza ba, abin da ke cikinta ne ya ragu.

4/
Idan matsin iska a bakin teku 100 ne, a Katsina wajen 94 ne, a Jos wajen 87. A Addis Ababa, babban birnin Habasha, wajen 76. A La Paz ta ƙasar Bolibiya, mai tsayin mita 3,600, wajen 65 kacal. Ku riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

5/
Baƙon da ya hau tudu mai tsayi sosai, zuciyarsa na ƙara gudu, yana haki, kai na ciwo, barci ba ya daɗi. Abin da ya fi cutar ɗan ƙwallo shi ne bayan ya zura da gudu, numfashi ba ya dawowa da wuri. Jiki na sabawa: ƙoda kan tura saƙo a ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Amma wannan aikin makonni ne. Ɗan gida ya riga ya gama nasa.

6/
Ita ma ƙwallon canza hali take. Iska mara kauri ba ta riƙe ta, sai ta fi gudu, lanƙwasarta ta ragu. A 1996, bayan Ikwado ta ci Ajantina 2 da nema a birnin Quito mai tsayin mita 2,850, kocin Ajantina Daniel Passarella ya yi ƙorafin cewa a can ƙwallo ba ta lanƙwasa. An yi ta yi masa dariya, alhali akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Gola ne ya fi shan wahalarta.

7/
Duniya ta farga da zancen tudu sosai a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mita 2,240. Ƴan tseren dogon zango da suka taso a tuddan Kenya da Habasha suka yi ta kwasar lambobi: Kip Keino, Naftali Temu, Mamo Wolde. Wasu gwanayen da suka zo daga bakin teku kuwa, suna kai ƙarshe suke zubewa.

8/
A ƙwallo kuwa, hedikwatar rigimar ita ce filin Hernando Siles na La Paz. Birazil ba ta taɓa shan kashi a wasan neman gurbin Kofin Duniya ba sai a watan Yulin 1993, da Bolibiya ta ci ta 2 da nema a wannan filin. Abin mamaki, Birazil ɗin ce ta je ta ɗauki kofin a 1994.

9/
A farkon 2007 ƙungiyar Flamengo ta Birazil ta je wasa Potosí, kusan mita 4,000. Ƴan wasanta sai da aka riƙa sa masu oksijin a gefen fili. Suka koma gida suna kumfar baki. A watan Mayu na shekarar, FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a duk filin da ya haura mita 2,500. Dokar ta shafi La Paz da Quito da Bogota.

10/
Shugaban Bolibiya na lokacin, Evo Morales, ya ce wannan wariya ce. Hujjarsu: mu a nan aka haife mu, ina kuke so mu buga? Kuma in mun sauko garuruwanku masu zafi da gumi, wa ya taɓa tausaya mana? Don ya nuna da gaske yake, ya hau dutsen Sajama, wajen mita 6,000, ya buga ƙwallo a cikin ƙanƙara.

11/
FIFA ta fara ja da baya, ta ɗaga iyakar, ta sake gyarawa, daga ƙarshe a watan Mayun 2008 ta jingine dokar. Cikin waɗanda suka mara wa Bolibiya baya har da Maradona, wanda ya je La Paz a 2008 ya buga wasan nuna goyon baya tare da Morales.

12/
Sai ga shi Maradonan ya zama kocin Ajantina. Ranar 1 ga Afrilu, 2009 ya kai su Messi La Paz, aka yi masu ruwan ƙwallaye, 6 da 1. Abin da ya burge ni: bai ɗora wa tudu laifi ba. Ya riga ya kare ƴancinsu na buga wasa a gida, bai lashe amansa ba.

13/
A 2024 Bolibiya ta ƙara hawa sama, ta koma filin El Alto, mita 4,150. Ta ci Benezuwela 4 da nema, ta ci Kolombiya 1 da nema, a Satumban 2025 ta ci Birazil 1 da nema. Amma ku ji ɗaya ɓangaren: daga 1993 har zuwa 2024, shekara 31, ba ta ci wasan neman gurbi ko ɗaya a waje ba. Tudu ba ya shiga jirgi ya bi ka.

14/
A 2007 wani masani a Jami'ar Oxford, Patrick McSharry, ya duba wasanni 1,460 na ƙasashen Kudancin Amurka. Ya gano cewa duk mita 1,000 da mai gida ya ɗara baƙo, yana samun ribar kusan rabin ƙwallo. To abin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Tambayar ita ce, nawa ne rabonmu a ciki?

15/
Mu dawo Afirka. Addis Ababa ta haura mita 2,300. Super Eagles sun sha da ƙyar a can a 2011, aka tashi 2 da 2. Amma a Oktoban 2013, Stephen Keshi ya kai su, Habasha ta fara ci, Emmanuel Emenike ya rama ya ƙara, 2 da 1. A 2009 ma a Nairobi, kusan mita 1,800, mun ci Kenya 3 da 2 muka samu tikitin 2010. Duka biyun sun fi Jos tsayi nesa ba kusa ba.

16/
Yanzu Jos ɗin. Garin ya bunƙasa ne da haƙar kuza a zamanin Turawa, waɗanda suka so shi saboda sanyinsa. Mutane suka taru daga ko'ina, har da kakanninmu Hausawa ƴan ƙwadago da ƴan kasuwa, ƙwallo ta samu gindin zama. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗauka.

17/
Daga 1972 sai yaushe kofin lig ya koma Jos? Sai 2017, da Plateau United ta ɗauka ƙarƙashin Kennedy Boboye. Shekara 45 ke nan. A tsakani ta ci kofin ƙalubale a 1999, kuma har faɗuwa ta yi zuwa rukuni na biyu. Na tambayi mutumina: a waɗannan shekarun tudun tafiya ya yi? 😂

18/
Likitocin da suka yi wa FIFA nazari sun kasa tsayi kashi-kashi. Daga mita 500 zuwa 2,000 sun kira shi ƙaramin tsayi: yana ɗan taɓa ƙoƙarin mai dogon gudu, amma ba ya kwantar da mutum. Jos a nan take. Ɗan Katsina United da ya je can mita 700 kawai ya hau, daga 94 zuwa 87. Messi a La Paz daga 100 ya faɗo 65.

19/
Ban ce babu komai ba. A minti na 75, in ƙafa ta yi nauyi, wannan ɗan bambancin na iya sa mai tsaron baya ya makara da taku ɗaya. Ƴan Fatakwal da Aba da ke tasowa daga ƙasa sosai sun fi mu jin sa. Amma ɗan ƙari ne a kan kaya. Ba shi ne kayan ba.

20/
Ga hujjar da ta kashe bakin kowa a gidan kallo. Kano Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci ta wasan lig a gida ba, sai da Nasarawa United ta karya lagon. Wane tudu ne a Ƙofar Mata? Enyimba ta Aba, mai kofunan lig guda 9, ba ta da ko tsauni ɗaya na kirki.

21/
Ke nan a Najeriya kowane fili tudu ne ga baƙo. Kawuna, tsohon direba da ya daɗe yana bin hanyar Jos, ya ce min, "Yaro, ka zaunar da mutum cikin bas tun asuba har la'asar, ƙafa ta kumbura, ya kwana a baƙon wuri, gobe ka ce ya yi gudun minti 90?" Ƙara da filin da ba ka saba ba, ihun ƴan kallo, alƙalin wasa da ke tunanin yadda zai fita lafiya, da albashin da wani lokaci ke makara.

22/
Kuma mu ma muna da namu makamin. Ɗan Jos da ya saba da sanyi, ka kawo shi filin Muhammadu Dikko a watan Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma, zafi ya doshi digiri 40. Shi ma haki zai yi. Hujjar Morales ke nan: kowa da abin da Allah ya ba garinsu. Ban taɓa jin ɗan Katsina ya ce rana ce ta ci mana wasa ba.

23/
Abin da Jos ta fi mu da shi, a ganina, ba iska ba ce, tushe ne. Mikel Obi a Plateau United ya fara. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, ya sauko Kano Pillars ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya. Gari ne da yaro ke tashi ya tarar da ƙungiyoyin unguwa da masu horarwa suna jiran sa.

24/
Shi ya sa zancen tudu ke damuna. Uzuri ne mai daɗi, don ba wanda za a tuhuma. In tudu ne, ba mai tambayar yaushe ƙungiya ta isa gari, me ta ci, an biya ta ko ba a biya ba. Ba kuma mai tambayar me aka tanadar wa yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar Tamawa. Dutse ba ya amsa tambaya, shugabanni ke amsawa.

25/
Mutumina dai har yanzu bai sauka daga tudunsa ba, amma ya rage murya, kuma shi ya biya kuɗin shayi. Ku da kuka taɓa buga wasa ko gudu a Jos, musamman ƴan hidimar ƙasa da ɗalibai, me kuka ji a ƙirjinku ranar farko? Ku faɗa mana a ƙasa. In na yi kuskure a wani wuri, a gyara min.