Mano Dayak da jirgin da bai kai Yamai ba

Duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san sunan filin jirginta: Mano Dayak. To amma yara da yawa ba su san mafarin sunan ba.

Mano Dayak Buzu ne ɗan ƙasar Abzin, ɗaya daga cikin jagororin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai ranar 24 ga Afirilu 1995, amma sauran magana ba ta ƙare ba. Ranar 15 ga Disamba 1995 ya shiga wani ƙaramin jirgi a cikin duwatsun Abzin, zai je Yamai ganawa da mahukunta. Jirgin na tashi ya faɗi. Babu wanda ya tsira, har da wani ɗan jarida Bafaranshe, Hubert Lassier. Har yau ana ka-ce-na-ce kan musabbabin.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne tashi daga filin daji ba wasa ba ne. Babu kwalta, rairayi na riƙe taya. Wuri mai tudu ko mai zafi, iskarsa ba ta da kauri: injin ya rage ƙarfi, fukafukai su buƙaci doguwar gudu kafin su ɗauki jirgin. Shi ya sa matuƙi tun yana ƙasa yake lissafi: nauyin mutane da kaya da mai, tsawon fili, zafin rana, inda iska ke kaɗawa. Yakan kuma tsaida wurin da in ya kai jirgi bai ɗaga ba, sai ya fasa. In lissafi bai fita ba, a rage kaya, ko a jira sanyin asuba.

Ko babban jirgi bai tsira daga wannan ba. Ranar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin EAS ya zarce ƙarshen titin tashi a Kano, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu.

Mu nan ba mu da jirgi, muna da kamyo na ranar kasuwa. In direba ya ce kaya sun yi yawa, don Allah kar mu ce masa matsoraci.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.