Tallafin kamfanoni da ciwon da ba ya shiga lissafi a Gure

Tallafin da gidauniyoyin kamfanoni ke bayarwa a fannin lafiya ya fi karkata ga ciwon da ake iya ƙirgawa. Jihar Damagaram shaida ce. Tun da kamfanin Pfizer ya shiga haɗin gwiwar yaƙi da amodari a 1998, yana ba da maganin Zithromax kyauta, an sha bin ƙauyukan jihar ana rabawa, sau ɗaya a shekara. A jera yara, a auna tsawon kowane da sanda mai zane, a ba shi abin da ya dace da shi, a rubuta a takarda. Aikin ya yi amfani ƙwarai, ko da yake mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin ya yi a 1996 ba. Haka kyautar Mectizan da Merck ya fara a 1987 ta taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, a Janairun 2025, cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar rafi.

Taɓin hankali da farfaɗiya ba su shiga wannan tsari. Mai farfaɗiya kullum zai sha magani, shekara da shekaru, kuma katse shi kwatsam na iya dawo da faɗuwar fiye da da. Hukumar ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su daina faɗuwa in suna samun magani, ga shi fenobarbital ba shi da tsada. Ashe matsalar ba kuɗin ƙwaya ba ce, ɗorewa ce.

Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram ya haura kilomita 150, balle wanda zai taso daga rugage ko kwarurruka ya ratso yashi kafin ya hau kwalta. Kuɗin mota na mutum biyu ne ko uku, don ba a sakin marar lafiyar shi kaɗai. Saboda haka iyali kan fara da malam: rubutun sha, tofi, ruƙiyya. Wasu su ce iskoki ne. In abin ya gagara, sai mari. Ba jahilci ne kaɗai ya kawo haka ba. Malam na nan kusa, kuma yana karɓar abin da ya sawwaƙa. Tsarin magani kyauta na 2006 kuwa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu ya shafa, bai kai kan saurayin da tiramol ya birkita ba.

Sannan kamfani baƙo ne, raɓa. Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019 ya kama gabansa, kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da agaji da dama sun dakata. Tallafin shekara biyu ya ishi gina ɗaki da kafa allo mai tambarin kamfani, amma ba zai riƙe mai jinyar shekara goma ba.

A ganina, gidauniyar da ke son taɓa wannan ciwo a Gure ta bi shirin mhGAP da Hukumar ta fito da shi a 2008: a horar da majo na kowace cibiyar lafiya ta CSI ya gane ciwon, ya fara magani, likita daga Damagaram ya riƙa zagayowa yana duba aikinsa. A sa maganin cikin kason da gundumar lafiya ke saye da kanta tun shekarar farko, a kuma zauna da malamai kan lokacin da za su turo marar lafiya asibiti.