Fada da majami'a a Tsibirin Gobir: me baƙo ke gani?

A biranen bakin teku kamar Lizbon, jirgin ruwa kan sauke masu yawon buɗe ido na ƴan awoyi, a zaga da su majami'u da fadojin sarakuna, su koma. Tunanin da ke ƙarƙashin irin wannan ziyara shi ne tarihi yana cikin tsufan gini. Wannan takarda na gwada wannan ma'auni a kan Tsibiri, cikin gundumar Gidan Runji, inda fada da majami'a ke maƙwabtaka.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 sarautar Gobir ta yi shekaru ba mazauni tabbatacce. Sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarki Ali ya rasu, Mayaƙi ya kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da su ma jihadi ya koro. Amma baƙon da ya tsaya ƙofar fada a yau ba birnin Mayaƙi yake kallo ba. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin, kamar yadda ta yi wa Maraɗi, aka sake gini a kan tudu, da tituna miƙaƙƙu irin tsarin Faransawa. Abin da ya hau tudun tare da mutane shi ne sarautu, da tambura, da kirarin sarakuna, da muƙamin Inna, wadda ke shugabancin bori kuma ake jin maganarta a fada. Ba ɗaya cikinsu da ake gani a jikin bango.

Majami'ar kuwa ba ta cika shiga lissafin masana ba, kuma a ganinmu wannan kuskure ne. Mishan ta SIM, wadda ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, wato kafin ambaliyar. Ke nan zaman Kirista a nan ya girmi garin da ake gani yanzu. Da Hausa aka yi wa'azi da waƙa da koyon karatu, abin da ya sa hukumar mulkin mallaka zargin waɗannan masu jin Turancin Ingilishi. Daga wannan tushe ekklesiyar EERN ta fito, haka ma makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye. Barbara Cooper ta bi wannan tarihi a littafinta na 2006.

Matsalar ta wuce ta yawon buɗe ido. An ƙona majami'u a Maraɗi a 2000 da 2019, kuma wurin da ake ɗauka baƙon abu ne ya fi sauƙin ƙonawa. Tsofaffin da suka san garin kwari da idonsu, na fada da na majami'a, sun haura shekara tamanin, kuma kaɗan suka rage da za a iya ɗaukar maganarsu.