Haɗarin mota babu inshora: Wa zai biya, kuma nawa?

A kan hanyar da ta tashi daga Gusau ta ratsa Anka da ƙasar Bukkuyum zuwa Gummi, da wuya a ji maganar inshora idan an yi karo. Akan kwashe waɗanda suka jikkata, a janye motocin cikin gaggawa saboda fargabar 'yan bindiga, a bar zancen biya sai an zauna gaban shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW ko hakimi. Rashin inshora ba ya share haƙƙin kowa. Abin da yake yi shi ne ɗora nauyin baki ɗaya a wuyan direba da mai mota.

Dokar tarayya, tun daga ta 1945, ta wajabta wa duk mai abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, inda kamfani zai biya ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. A ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta a faɗin ƙasa. Tuƙi babu ita laifi ne mai zaman kansa, kuma tarar da kotu za ta ci direba ta gwamnati ce, ko kwabo ba ya zuwa hannun wanda aka buge. Takardar jabu ma daidai take da babu, shi ya sa ake duba lambar mota a rumbun bayanan NIID.

Maganar dukiya ta fi sauƙi. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Zamfara ke bi tun Janairun 2000, wanda ya ɓata kayan wani zai biya daga aljihunsa, da gangan ya yi ko bisa kuskure. Idan mota ko babur na gyaruwa, sai a nemi ƙiyasin makaniki, zai fi kyau biyu. Idan sun tashi daga aiki, a biya ƙimarsu ta ranar haɗarin. A babbar kotu kuwa, ana iya haɗa mai mota cikin ƙara idan direban yaronsa ne kuma a bakin aiki ya yi sakacin.

Inda ake yawan tauye mutane shi ne rauni da rai. Kisan kuskure yana wajabta diyya, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta tanada. Cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce, kimanin kilo 4.25 na zinari, don haka ƙimarta da naira tana hawa da sauka tare da farashin ma'adinin da ake haƙa a Bagega. Malaman Malikiyya ba su ɗora ta kan direba shi kaɗai ba: abin da ya kai sulusin diyya ko ya wuce, danginsa na wajen uba ne ke tarawa, cikakkiyar kuma cikin shekara 3. Wannan tsari shi ne inshorar asali, kuma kusan babu mai aiki da shi a yau. Da yake direban haya ba zai iya biya ba, dangi kuma ba sa haɗuwa, sai zaman sulhu ya karkata ga "ƙaddara ce, a yi haƙuri".

Yafiya halal ce, amma ta masu haƙƙi ce. Diyya gado ce da ake rabawa tsakanin magada, kowane baligi rabonsa kaɗai zai iya yafewa. Baffan da ya miƙe a zaman makoki ya ce sun bar wa Allah bai da ikon zubar da rabon matar mamaci, balle na marayu. Haka kuma yafiya ba ta sauke wa direba kaffarar azumin wata 2 a jere.

Duk sulhun da aka cimma, a rubuta shi: adadin kuɗi, ranakun biya, wanda ya tsaya wa direba, da shaidu biyu, sannan a kai wa alƙali ya tabbatar. Kada a sa hannu kan kuɗin magani kafin likita ya faɗi matsayin raunin, domin karayar da aka ɗora a Gummi tana iya ƙarewa a ɗakin tiyata a Gusau ko Sakkwato. A adana hotunan wurin haɗari, rahoton 'yan sanda ko na jami'an FRSC, da kowane rasit na asibiti. Su alƙali zai fara nema idan direba ya daina biya.