Mataccen Doki da Jarirai Marasa Fuska: Yawo a Titunan Prag

A tsakiyar birnin Prag, hedkwatar Jamhuriyar Cek, akwai wani dogon zauren shaguna mai suna Lucerna. Na shiga neman shayi, sai na ɗaga kai na ga doki rataye daga rufi, ƙafafunsa huɗu a sama, kansa na reto, harshensa a waje. A kan cikin dokin wani basarake ne zaune cikin sulke, riƙe da mashi, ƙirjinsa a miƙe, kai ka ce hawan salla ya fito. Ni ba masanin zane da sassaƙa ba ne, ɗan jarida ne da ya samu rana biyu babu aiki. Abin da na fara yi shi ne dariya. Daga baya na lura mutanen garin suna wucewa ta ƙarƙashinsa ko kallo bai ishe su ba, sai na fara tambayar yadda aka yi gari ya saba da irin wannan.

Amsar tana 'yan taku kaɗan daga wurin. A saman Dandalin Wenceslas akwai asalin wannan basarake, na tagulla, a kan lafiyayyen doki, aikin Josef Myslbek da aka buɗe a 1913. Wenceslas sarki ne na ƙarni na 10 wanda ɗan'uwansa ya kashe, Kiristocin ƙasar suka ɗauke shi waliyyi. Akwai ma tatsuniyar da ke cewa ranar da ƙasa ta shiga matsanancin hali zai tashi ya jagoranci mayaƙan da ke barci a cikin dutsen Blaník. A gindin dokinsa aka yi shelar kafa Cekoslobakiya a ranar 28 ga Oktoba 1918. Kusa da nan ɗalibi Jan Palach ya cinna wa kansa wuta a Janairun 1969. A nan kuma dubban ɗaruruwa suka taru a Nuwamban 1989 har mulkin kwaminisanci ya faɗi. Shekara goma bayan haka, a 1999, masassaƙi David Černý ya yi nasa dokin, matacce, a juye. Basaraken bai ma san abin hawansa ya mutu ba. Ginin da dokin ke rataye a ciki kuwa, kakan Václav Havel ne ya gina shi, wato kakan shugaban ƙasar na lokacin.

Masu yawon buɗe ido suna kiran irin waɗannan ayyuka da suna suriyalizim, salon da ke ɗauko abin da sai a mafarki ake gani ya ajiye shi a gaban mutum ido biyu. Sunan ba ya rasa tushe a Prag. André Breton ya fitar da takardar manufofin salon a Paris a 1924, kuma a 1934 mawaƙi Vítězslav Nezval da masu zane Toyen da Jindřich Štyrský suka kafa ƙungiyarsu a Prag, masanin fasaha Karel Teige ya shigo cikinsu. Breton da abokinsa Paul Éluard sun zo birnin da kansu a 1935. Yawancin waɗannan mutane masu ra'ayin gurguzu ne, suna ganin juyin juya hali zai 'yantar da tunanin ɗan Adam kamar yadda zai 'yantar da ma'aikaci. Abin bai zo musu haka ba. Nezval ya raba gari da sauran a 1938 a kan shari'o'in da Stalin ke yi wa abokan tafiyarsa a Mosko, shi yana goyon baya. Štyrský ya rasu a 1942 a ƙarƙashin mamayar Jamus. Toyen ta koma Paris a 1947. Bayan kwaminis sun karɓi mulki a 1948, aka yi wa Teige ca a jaridu har ya mutu a 1951. Marubuci Záviš Kalandra, wanda ke kusa da ƙungiyar, an rataye shi a Yunin 1950 tare da 'yar majalisa Milada Horáková bayan shari'ar jeka-na-yi-ka. Breton ya rubuta wa Éluard buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙonsa ya sa baki, Éluard ya ƙi.

Abin lura shi ne, waɗancan mutane littattafai da zane-zane suka bari. Titi ba nasu ba ne, na gwamnati ne, kuma gwamnati ta san abin da take so a titi.

A kan tudun Letná, wanda ke kallon kogin Vltava, aka buɗe mutum-mutumin Stalin a ranar 1 ga Mayu 1955. Na dutse ne, tsayinsa ya haura mita 15, Stalin a gaba, ma'aikata da manoma da sojoji jere a bayansa. Mutanen gari suka raɗa masa suna a ɓoye, layin sayen nama. Wanda ya sassaƙa shi, Otakar Švec, ya kashe kansa kafin ranar buɗewa. Ba a cika shekara ba Khrushchev ya tona asirin ta'asar Stalin a Fabrairun 1956, aka wayi gari ƙaton dutsen ya zama abin kunya da ba ya ɓoyuwa. A 1962 aka farfasa shi da nakiya kusan kilo 800. Na hau tudun da yamma. A kan dandamalin akwai wata jar sanda mai tsawo da ke lilo hagu da dama, irin na'urar da makaɗa ke auna bugun kiɗa da ita, wadda aka kafa a 1991. Matasa na ta wasan zamiya da allo mai taya a kan shimfiɗar dutsen. A 1996 ma an ɗan tsayar da ƙaton mutum-mutumin Michael Jackson a daidai wurin don tallan wasansa. Wannan babu wani ɗan suriyalizim da ya tsara shi, haka kawai tarihi ya kawo.

Ba Stalin ne farau ba. Kwana shida bayan samun 'yanci, a ranar 3 ga Nuwamba 1918, gungun mutane suka kayar da ginshiƙin Maryama a dandalin Tsohon Gari saboda suna ganinsa alamar mulkin gidan Habsburg. An sake tsayar da shi a 2020, shekarar da aka cire mutum-mutumin Marshal Konev na Sobiyet daga wata unguwa. Mutumin Prag da aka haifa a 1910 ya kuma yi tsawon rai ya ga ƙasarsa a hannun sarkin Ostiriya, da jamhuriya, da 'yan Nazi, da kwaminis, da dimokuraɗiyya, kowanne ya zo da gwarzonsa na dutse ya ce a rusuna. Wanda ya ga haka sau biyar, da wuya ya sake ɗaukar mutum a kan doki da muhimmanci.

Daga wannan gajiyar Černý ya fito. An haife shi a 1967, yana ɗalibi ɗan shekara 23 lokacin da ya yi abin da ya sa aka san shi. A unguwar Smíchov akwai tankar yaƙi ta Sobiyet a kan dandamali, tun 1945, don tunawa da sojojin da suka shigo birnin a Mayun shekarar. Amma tun daren 20 ga Agusta 1968, lokacin da tankokin Sobiyet da ƙawayenta suka dawo suka murƙushe sauye-sauyen Alexander Dubček, tankar ta sauya ma'ana a idon jama'a. A ƙarshen Afrilun 1991 Černý da abokansa suka shafe ta da fenti ruwan hoda cikin dare. Ofishin jakadancin Sobiyet ya yi ƙorafi, aka kama shi, sojoji suka mayar da ita koriya. Sai wasu 'yan majalisa, waɗanda doka ta ba rigar kariya, suka ɗauko bokitai suka sake mayar da ita ruwan hoda. A ƙarshe aka kwashe ta zuwa gidan tarihin soja da ke Lešany. Maganar ba ta da sauƙi kamar yadda masu ba da labarin ke yi. Sojojin Sobiyet da suka mutu a 1945 da gaske suka mutu, kuma akwai tsofaffin da fentin ya yi wa ciwo. Sai dai ƙarfe ɗaya ne ke ɗauke da 1945 da 1968, kuma gwamnatin da ta wuce ta hana a ambaci na biyun.

Daga nan ayyukansa suka bazu a gari. A titin Husova, Sigmund Freud na lilo daga wani ƙarfe a saman gini, hannu ɗaya riƙe, ɗayan a aljihu. A lambun ofishin jakadancin Jamus akwai motar Trabant tsaye da ƙafafu huɗu, tunawa da dubban mutanen Jamus ta Gabas da suka yi zaman dirshan a harabar a 1989, suka bar motocinsu a titi suka tsere yamma. A gaban gidan tarihin Kafka akwai maza biyu na tagulla suna yin abin da ba a yi a bainar jama'a cikin wani tafki mai siffar taswirar ƙasar. Wannan, a ganina, barkwanci ne da ke ƙarewa a kallon farko.

Jarirai ne suka fi tsaya mini a rai. Hasumiyar talabijin ta Žižkov, mai tsayin mita 216, an fara ta a 1985 aka gama a 1992, wato kwaminis suka fara, magadansu suka ƙarasa, kuma wani sashenta a kan tsohuwar maƙabartar Yahudawa yake. Mutane da yawa sun tsane ta. A 2000 Černý ya manna mata manyan jarirai goma baƙaƙe suna rarrafe sama da ƙasa. Daga nesa sai ka ce ƙwari ne a jikin kara. A tsibirin Kampa akwai guda uku na tagulla a ƙasa, inda za ka iya matsawa kusa. A nan za ka ga ba su da fuska. Inda ido da hanci da baki ya kamata su kasance, wani rami ne mai layuka, irin waɗanda ake bugawa a jikin kayan kanti don na'ura ta karanta farashi. Yara na hawa bayansu, iyaye na ɗaukar hoto, gogar hannu ta sa tagullar sheƙi. Na daɗe a tsaye ina kallon waccan fuskar, na kasa yin dariya.

Ya kamata a faɗi cewa Černý ba ɗan ƙungiyar suriyalizim ba ne. Magajinta na gaskiya a ƙasar shi ne mai shirya fim Jan Švankmajer. Haka Franz Kafka, wanda ya rasu a Yunin 1924, watanni kafin takardar Breton ta fito, bai taɓa zama ɗayansu ba. Bayahude ne mai rubutu da Jamusanci, ma'aikacin inshorar haɗarin ma'aikata, wanda 'yan Nazi suka kashe 'yan'uwansa mata uku, kwaminis kuma suka riƙa kawar da littattafansa daga idon jama'a. Yau birnin ya yi masa mutum-mutumi biyu. Na Jaroslav Róna, na 2003, yana tsohuwar unguwar Yahudawa: ɗan ƙaramin Kafka a kan kafaɗar wata ƙatuwar kwat da babu kowa a cikinta, ba kai, ba hannu. Na Černý, na 2014, kai ne na ƙarfe mai walƙiya, tsayinsa kusan mita 11, an yanka shi faifai 42 da ke juyawa, fuskar ta watse ta sake haɗuwa. Yana tsaye a ƙofar wani katafaren kanti. Na farkon ya fi kusa da mutumin. Na biyun ya fi tara jama'a, kuma ya nuna inda tawayen 1991 ya ƙare: yaron da 'yan sanda suka kama saboda fenti yanzu masu gine-gine ne ke ba shi kwangila.

Na ƙare yawona a gindin tudun Petřín, wurin da littafin jagorar baƙi bai lissafa cikin abubuwan ban dariya ba. Matakala ce da mutane bakwai na tagulla ke tsaye a kanta, aikin Olbram Zoubek da aka buɗe a 2002. Na ƙasa cikakken mutum ne. Na bayansa ƙirjinsa ya tsage. Na gaba ya rasa hannu, na gaba rabin jiki, har na can sama da kusan babu abin da ya rage. A tsakiyar matakalar an shimfiɗa ɗamarar tagulla ɗauke da alƙaluman shekarun 1948 zuwa 1989, daga ciki mutum 248 da aka zartar wa hukuncin kisa da 327 da suka mutu a kan iyaka suna ƙoƙarin ficewa. Kalandra na cikin 248 ɗin. Wata mata da ke jiran taragon titi ta ajiye jakar cefanenta a matakin farko, kusa da ƙafar cikakken mutumin, tana duba wayarta.