3.2 Asalin Saɓani Kan Koyarwar Mata a Ikkilisiya

Kamar yadda aka nuna a baya, tushen wannan muhawara yana cikin wasiƙun da ake danganta wa Manzo Bulus. A wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti (2:11-12) an hana mace ta koyar ko ta yi iko da namiji, haka kuma a 1 Korintiyawa (14:34-35) an umarci mata su yi shiru a taron ibada. Sai dai a cikin wannan wasiƙa ta Korintiyawa ɗin (11:5) an yi maganar mace mai addu'a da annabci, abin da aka nema gare ta kawai shi ne ta rufe kanta. Bugu da ƙari, Ayyukan Manzanni (18:26) ya kawo labarin Bilkisu da mijinta Akila, waɗanda suka ƙara wa Afolos ilimi a Afisa, alhali shi kansa malami ne mai fasahar magana. Ta yaya wadda aka ce ta yi shiru za ta yi annabci?

Wannan tambaya ta yi zafi a ƙarni na 2, lokacin da Montanus ya bayyana a ƙasar Firijiya tare da mata biyu, Firiska da Maksimila, waɗanda mabiyansu suka ɗauka annabawa ne. Shugabannin ikkilisiya sun yi tir da ƙungiyar. Abin lura a nan shi ne matsayin Tatuliyan na Kartaj. Ya rubuta cewa bai halatta mace ta koyar ko ta yi baftisma ba, amma kuma ya karkata ga mutanen Montanus, ya yarda da annabcin matan nan. Wato ya raba abu biyu: annabci baiwa ce daga Ruhu, koyarwa kuwa muƙami ne. A ganin wannan nazari, wannan rabewa ita ce ikkilisiyoyi da yawa suka rayu a kanta ƙarnoni masu yawa, ko da yake ba ta warware zancen Bilkisu ba.

Daga baya wasu suka bi ta wata hanya. A 1666 Margaret Fell, ta ƙungiyar Kwekas a Ingila, ta wallafa ƙasida tana kare wa'azin mata da hujjojin Littafi Mai Tsarki. Manazarta kuma sun lura cewa a wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu ayoyin nan biyu na shiru suna zuwa ne bayan aya ta 40, shi ya sa Gordon Fee, a sharhinsa na 1987, ya ce ƙari ne aka yi daga baya. Wannan hujja tana da rauni ɗaya, domin ba a sami kofin da ayoyin suka ɓace gaba ɗaya ba.

A 1994 Cocin Ingila ya naɗa mata firistoci karo na farko. A shekarar ce kuma Paparoma John Paul na II ya bayyana cewa Cocin Katolika ba shi da ikon yin haka.