Daga Kan Matuƙin Jirgi Zuwa Teburin Ofis

Hedifon mai kashe ƙara, wanda a yau ma'aikata masu lalurar otizim da waɗanda kunnensu ba ya jure hayaniya suke dogaro da shi a ofisoshin Turai da Amurka, ba dominsu aka ƙera shi ba. Tun a shekarun 1930 wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya yi rajistar dabarar: na'ura ta saurari ƙarar da ke tafe, ta fitar da kishiyarta, su haɗu su cinye juna. Kayan lantarkin zamaninsa ba su kai ga aiwatar da ita ba. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgi daga Turai zuwa Amurka, rugugin inji ya hana shi jin kiɗan da aka sa masa, sai ya hau lissafi tun kafin a sauka. Da samfurin kamfaninsa Dick Rutan da Jeana Yeager suka kare kunnuwansu a 1986, lokacin da suka kewaye duniya cikin kwana 9 a jirgin Voyager ba tare da sauka ba. Matuƙa sun fara sayen na kamfanin nasa a 1989, sauran jama'a kuwa sai a shekarar 2000. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa kiran matuƙin da ya rufe kunnensa rago ba, domin kowa ya yarda injin ne mai laifi.

Da na'urar ta shigo ofis sai hukuncin ya juye, aka koma ganin mai sanya ta ne yake da matsala, alhali shi ma ofishin ƙirar mutum ce kamar injin. A ƙarshen shekarun 1950 wasu masu tsara wuraren aiki a Jamus, ƙungiyar Quickborner, suka rushe bangon da ke raba ma'aikata, wai don zance ya gudana, kuma masu kamfani suka rungumi tsarin saboda arharsa. Ga shi kuma tun 1943 likita Leo Kanner, a bayaninsa kan yara 11 masu otizim a Baltimore, ya rubuta yadda ƙarar kayan gida irin su injin shara take firgita wasunsu. Amma sai a 2013, bayan shekara 70, littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya sanya tsananin jin sauti da haske cikin alamomin lalurar. A tsakanin nan an gina dubban ofisoshi ba tare da an yi lissafin irin wannan kunne ba. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 da dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 sun wajabta wa mai aiki ya yi gyara gwargwadon hali, kuma sayen hedifon yana cikin mafi sauƙin gyaran.

Masu suka sukan ce wanda ya toshe kunne ya ware kansa daga abokan aiki. Binciken Ethan Bernstein da Stephen Turban na Harvard a 2018 ya raunana wannan magana, domin a kamfanoni biyun da suka duba, hirar ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 bayan an cire bango, mutane suka koma aika saƙo. Buɗaɗɗen ofishin ne ya fara raba su. Sukar da ta fi nauyi daban take: dabarar Lueg ta fi cin ƙara mai kauri da ba ta canzawa, kamar gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, amma dariyar maƙwabci da kukan waya, waɗanda su ne suka fi yanke wa mai otizim tunani, sukan ratsa ta. Kuma wuni guda da abu manne a kai ba ƙaramar wahala ba ce. Wannan gaskiya ce, kuma ita ke nuna iyakar na'urar. Shugaban da ya saya wa ma'aikacinsa hedifon, amma ya hana shi ɗaki mai shiru, ko teburi nesa da ƙofa, ko damar karɓar umarni a rubuce, bai yi gyaran da ake nema ba.